Fuskar Baba a Jikin Gilashi

Hor Al Anz, Dubai
14 ga Maris, 2019

Zuwa ga Innata Wasila,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya mutanen Kaurar Dikko baki ɗaya, da Yaya Mero da yaranta a Zariya? Ni a nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Wannan takarda Alhaji Abdulganiyyu, mai harkar jigilar kaya a Port Saeed, shi zai kai ta Kano, daga can direbansa ya miƙa wa Yaya Mero. Na san ba ki son doguwar magana a waya, kin fi son abin da za ki sa a cikin Littafinki Mai Tsarki ki riƙa dubawa.

Bayan haka, Inna, Yaya Mero ta shaida mini kwamitin coci sun zauna, sun ce za a sa tagar tunawa da Baba a bangon gabas, bayan bagadi, irin mai gilashi kala-kala da hoton mutum a tsaye, kamar waɗanda ya ba mu labarin ya gani a Ingila, na bishop-bishop ɗinsu da suka shuɗe. Ta ce har yanzu ba su sami mai yi ba. Don Allah ki gaya wa Rabaran Salmanu kada su nemi kowa. Ni zan yi.

Shekara biyar ke nan ina yankan gilashi a wani kamfani a Al Quoz. Mu ke yin ƙubbobin gidajen Larabawa da tagogin masallatai. Ana yanka gilashin gunduwa-gunduwa, ja da shuɗi da ruwan zuma, a haɗa su da darma, idan rana ta bugo sai launin ya zubo ƙasa. Furanni da taurari kawai muke yi, ban taɓa yin mutum ba. Amma akwai wani dattijo Ba'indiye da muke aiki tare, Kuriyakos, Kirista ne mutumin Kerala, tun yana saurayi yake zana fuskoki a tagogin coci a ƙasarsu. Na nuna masa hoton Baba a wayata, ya daɗe yana kallo, ya ce zai yi fuskar da hannuwan, ni in yi sauran. Mai kamfanin ma ya yarda mu yi amfani da tanderun gasa gilashi ranar Juma'a bayan na sauko daga masallaci, tunda ranar hutu ce.

Inna, mutumin da ya ɗauke ni ina ɗan shekara biyu da ƙanensa ya rasu, ya raine ni a gidan bishop a kan addinin mahaifina, ba wanda ya fi ni cancantar wannan aiki. Ban zo jana'izarsa ba. Ki bar ni in yi wannan.

A auno mini tsawon tagar da faɗinta da inci, a auna sau biyu, sannan a aiko da duk hoton da fuskarsa ta fito sosai. Ki gaida Mata Zumunta.

Ni ne ɗanki,
Halliru

*

Hor Al Anz, Dubai
2 ga Nuwamba, 2019

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan an yi girbi lafiya. Yaya jikin? Saƙonki ya iso, hotuna uku da awon taga da ƙullin daddawa. Daddawar nan mu shida a ɗaki, kwana huɗu ta yi.

Na ga takardar kwamiti. Suna son a yi shi da doguwar hular bishop da alkyabba da sandar kiwo, a ƙasa a rubuta Bishop Ɗalhatu Gidaɗo da shekarunsa. Duk za a yi. Na ga kuma abin da kika ƙara da hannunki a bayan takardar, cewa ke dai a yi shi yadda za ki gane shi. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Alkyabbar na gama yanka ta, gunduwa sittin da ɗaya, ja mai duhu. A bayansa na sa gonar dawa ta fitar da kai, ba kwamiti suka ce ba, ni na ga bai kamata a tsayar da Baba a fili fetal ba. Fuskar ce ta ƙi. Hotunan nan, biyu tabarau ya haske idanunsa, na ukun kuwa na ranar naɗi ne, ya ɗaure fuska kamar alƙali. Sau uku Kuriyakos yana zanawa muna gasawa, sau uku ana fito da wani baƙo. Na farko ya yi kama da Ba'indiye. Na biyu ya fito da tsufan da Baba bai kai ba. Na ukun kyakkyawan mutum ne, amma da zai shigo gidanmu sai kin tambaye shi wa yake nema. Yanzu dattijon ya ajiye hotunan, ya ce in riƙa ba shi labari kawai. Ina ba shi da guntun Turancina, yadda Baba ke karkatar da kai idan yana sauraron mutum, da billensa na kuncin hagu, da yadda yake cire tabarau kafin ya yi dariya.

Akwai abin da ban so in gaya miki ba. Nasir, abokin ɗakina, Bakano ne mai aiki a wurin canjin kuɗi a Al Rigga, ya ga zanen a takarda. Bai yi mini faɗa ba, a hankali ya ce, "Halliru, ka san hukuncin mai yin surar mutum, balle wadda za a kafa a coci." Na ce ba ni ke zana fuskar ba, tufafi kawai nake yankawa. Ya ce to, Allah ya sa haka ne. Mutumin kirki ne, tsoro yake ji mini. Ni ma ina ji. Amma sai in tuna Baba ne ke kai ni Islamiyya a kan babur da farin abin wuyansa na limaman coci, ya tsaya a ƙofa sai ya ga na shiga. Kowace babbar sallah yakan sayi ɗan rago saboda ni kaɗai, ya kira Malam ya yanka. Na rasa yadda zan ajiye waɗannan abubuwa biyu a zuciya ɗaya, na kuma kasa fitar da ko ɗaya.

Ga wani kuma, wanda ko Yaya Mero ba ta sani ba. Kwana uku kafin rasuwarsa ya kira ni har sau biyu. Ina saman tsani muna ɗora ƙubba, na ji wayar a aljihu, da na sauko na ga sunansa, na ce sai Juma'a in kira shi a natse. Ranar Alhamis ya tafi. Inna, in kin san abin da yake son gaya mini, ki rubuto. In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, kada ki ƙirƙiro don ki sanyaya mini rai.

Ɗanki,
Halliru

*

Hor Al Anz, Dubai
20 ga Yuni, 2020

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kuke da wannan annoba? Ki daure ki rage karɓar baƙi, na san da wuya a gidanki. Jirage ba sa tashi, don haka hoton takardar nan zan tura wa Yaya Mero a waya ta kwafe miki da hannunta. Na gode da amsarki. Kin ce ba ki sani ba, Baba ya fita da wayar gindin mangwaro ne ya dawo bai ce komai ba. Na karɓa.

Kuriyakos ya rasu. Cutar ce ta kama shi a watan Mayu, kwana tara a asibiti. Mutum biyar aka bari suka raka shi maƙabartar Kiristoci ta Jebel Ali, ba na cikinsu. Matarsa da 'ya'yansa ta waya suka kalla daga Kerala.

Kafin a rufe gari, a ƙarshen Maris, ya zana fuska ta huɗu. Inna, Baba ne. Na shigo da rana na tarar ya kwantar da ita a kan tebur mai fitila a ƙasa, na zauna a kan bokitin da ke kusa. Ga Baba ya karkatar da kai, tabarau a cire, bakin nan kamar yanzu zai ce, "Halliru, ka ci abinci?" Dattijon ya yi ta murna, yana cewa khalas, khalas, mun same shi. Muka ce mako mai zuwa za mu gasa, don tanderun cike yake da aikin wani otal. Makon bai zo ba, aka hana fita.

Abin da nake so ki fahimta shi ne, fentin nan kafin a gasa shi gari ne kawai, kamar kwalli. Wuta ce ke kama shi da gilashin. In ba a gasa ba, yatsa ɗaya ya isa ya share shi, ko ɗigon ruwa. To, kamfanin bai sake buɗewa ba. Mai shi ya bar ƙasar, mai ginin ya garƙame ƙofa da kwaɗo, an ce sai kotu ta yi magana. Fuskar Baba tana ciki, a kwance a kan tebur, ba a gasa ba, ko takarda ba mu rufa mata ba.

Na je wurin ya fi sau goma. Maigadin ya san ni, yakan bar ni in taka tsohuwar taya in leƙa ta wata kafa a saman ƙofar. Ina hango gefen teburin, ba na hango ta. An yanke wuta, zafin ciki kamar tanda, ƙura na shiga ta rufi. Na roƙe shi minti biyu kacal in kifa mata kwali. Ya ce ba shi da makulli, ya rantse, na kuma yarda da shi. Na je ofishin mai ginin, suka ce inshallah. Na koma, suka ce shwaiya shwaiya, wato a bi a hankali. A karo na uku ba su bar ni na hau bene ba.

Ba ni da aiki yanzu, amma kada ki damu, Alhaji Abdulganiyyu ya ɗauke ni ina taya shi ɗaurin kaya a sitonsa. Ki gaya wa Rabaran ban manta ba. Ban san ranar da zan ce masa ba.

Ki sa ni a addu'a irin taki.

Halliru

*

Port Saeed, Dubai
9 ga Fabrairu, 2021

Zuwa ga Innata Wasila,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya sanyi, yaya ƙafa? An ce kin yi zazzaɓi a Kirsimeti kika hana a gaya mini. Ban ji daɗi ba.

An buɗe kamfanin a watan Disamba don a yi gwanjon kayan ciki. Maigadin ne ya kira ni, Allah ya saka masa. Kafin in iso daga Deira masu kwashe kaya sun riga ni shiga. Alkyabbar da hannuwan da gonar dawar na same su a akwatinsu, ba abin da ya taɓa su. Fuskar kuwa wani ya ɗora robar ruwan sha a kanta, ya kuma ja ta gefe. Ɓangaren dama yana nan yadda Kuriyakos ya bar shi. Na hagu, daga ido zuwa haɓa, har da billen, ya tafi. Gilashi ne fari tas, ana ganin tebur ta ciki. Ban yi wa kowa magana ba. Mutumin da ya yi bai ma san ya yi ba.

Na ɗauko ta a tafin hannu kamar tire, a haka na shiga tasi. Wata guda tana kan durowa ina kewaya ta. Na nemi mai zanen fuska a gilashi har Sharjah, ban samu ba. Ɗaya da aka kwatanta mini ya ce sai dai ya goge duka ya sake, na ce a'a.

Inna, ni na ƙarasa ta. Na ce wa Nasir ba ni ke zana fuskar ba, ga shi na zana. Na ɗauki burushin dattijon, na kwaɓa garin yadda na ga yana yi, na shafa, na goge, na shafa, na goge, kwana goma sha shida. Nasir yana gani bai hana ni ba. Ranar ƙarshe ma shi ya riƙe mini labule don haske ya shigo, yana kallon bango. Na yi istigfari kafin in fara, na yi bayan na gama, ban kuma san ko na yi daidai ba. Allah ya san abin da ya sa.

Wani Ba'iraniye mai yin kwanukan ado ya ba ni aron tanderunsa, ta gasu lafiya. Na haɗa tagar da darma a ƙasan siton Alhaji, tsakanin dilolin atamfa. Da muka gama, mu huɗu muka ɗaga ta a bakin ƙofa, rana ta bugo daga wajen ruwa. Jan alkyabbar ya zubo har kan ƙafafunmu, masu dako suka tsaya kallo. Ba zan ɓoye miki ba, hannu biyu ne a fuskar nan, kuma ana ganewa. Idon hagu ya ɗan fi na dama girma. In na tsaya nesa Baba ne. In na matso, sai in ga inda malami ya tsaya da inda ni na kama.

Mun yi mata akwatin katako da soso ciki da waje. Jibi za ta shiga kwantenar Alhaji, ta ruwa zuwa Legas, sannan mota zuwa Kano. Na so in biyo ta in kafa da hannuna, amma an sake dakatar da jirage tsakanin nan da gida. Wataƙila kafin ta iso an buɗe.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Halliru

*

Port Saeed, Dubai
28 ga Mayu, 2021

Inna,

Sannu. Sannu, Inna. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Yaya Mero ta gaya mini 'yan bindiga sun far wa Kaurar Dikko. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe, ya dawo da waɗanda aka tafi da su, ya ba Rabaran lafiyar hannunsa. Na gode wa Allah da ya fitar da ke. Yaya Mero ta ce da ƙafar nan taki mai ciwo kika taka har bakin titi, ba ki ɗauko komai ba sai Littafinki da zane ɗaya.

Ta ce ba kowa a Kaurar Dikko yanzu, Kirista da Musulmi duk an watse, 'yan bindigar sun ce duk wanda ya koma noma su gamu. Ta ce rufin coci ya ƙone ya rufta, bango ne kawai a tsaye. Na tambaye ta kabarin Baba, ta ce ba wanda ya tsaya dubawa.

Ina nan ina ɗaure katan-katan na takalma da turare, Inna. Abin da nake yi ke nan ranar da aka far muku, shi nake yi yau. Ba jirgi, bizata kuma ta kusa ƙarewa, an ce ba a sabunta wa 'yan Najeriya takardar aiki a yanzu, ba wanda ya gaya mana dalili. In na fita ba zan iya dawowa ba, in na zauna ban san matsayina ba. Ko buta ban iya miƙo miki ba daga nan.

Akwatin ya sauka Legas. Ba yadda za a yi a tsayar da shi, kuma ba inda za a kai shi. Na ce wa Alhaji a sauke shi gidan Yaya Mero kawai. Ki yi haƙuri, zai cinye muku wuri a ɗakin da ya riga ya yi muku kaɗan.

Halliru

*

Hor Al Anz, Dubai
17 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Innata Wasila,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Mero da maigidanta da yara, da duk mutanenmu da ke warwatse a Zariya. Yaya haƙuri? Ina fatan maganin ƙafar da na aiko ya iso.

Takardarki ta same ni. Na karanta ta a tsaye a bakin sito, na sake karantawa a zaune. Kin ce wata uku kin hana a buɗe akwatin, kina cewa sai an koma gida, sai ranar da aka zo da labarin an girbe gonakinku an tafi da dawar kika sa aka kira kafinta. Kin ce kun jingina tagar Baba a jikin tagar falo, ta fi ta falon tsawo, hular ta shige duhu, amma fuskar na samun hasken safe. Kin ce ran Lahadi da yamma mutanen Kaura sukan zo su zauna a tabarma a gabanta su yi waƙa, wasu har daga Samaru.

Kin kuma gaya mini gaskiya, kamar yadda na saba ji daga bakinki. Kin ce kin gane shi, amma ba nan take ba. Kin ce billen ya yi ƙasa da yawa, idon hagu kuma yana kallon wani wuri dabam, kamar yana jiran wani ya shigo. Haka ne. An riga an gasa, Inna, ba ya gyaruwa. Iyakar abin da hannuna ya iya ke nan.

Maganar zuwana, kada ki sa rana. Bizar ta ƙare tun Agusta. Alhaji yana ta kai da kawowa, kullum a ce masa gobe. Nasir ya tafi gida ta Kotono makon jiya, ni fasfona yana ofishin da ke neman mini takarda, sun ce in na karɓe shi an rufe maganar. Ina jira, ban san me nake jira ba.

Saboda haka zan rubuta miki yadda ake kula da tagar, ki ajiye takardar nan. Kada a kwantar da ita a ƙasa, kullum a tsaye, da matashi ko tsohon bargo a ƙarƙashi. Kada a wanke ta da omo, tsumma mai laushi da ruwa kaɗan ya isa. In za a ɗaga ta, mutum huɗu, kada kowa ya riƙe ta tsakiya. Yara su taɓa ba komai, kada dai su jingina.

In Allah ya sa an koma Kaura, aka yi rufi, ni kuma ban iso ba, a sa kafinta ya yi mata firam na katako mai ƙwari, ya bar rata kamar kaurin ɗan yatsa ta kowane gefe, don darma na motsi da zafi. A sa ragar ƙarfe ta waje saboda duwatsu. Abu na ƙarshe, kada a juya ta. Ki shafa fuskar da hannunki, gefe ɗaya santsi ne, ɗayan yana da ɗan kaushi, nan fentin yake. Mai kaushin shi ne ciki, wajen jama'a. In aka juya, ruwan sama zai cinye shi a hankali, kuma zai zama Baba ya ba ku baya.

Ki ce wa Rabaran Salmanu ya yafe mini jinkirin. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya mai da ku gida.

Ni ne ɗanki,
Halliru